Amsa ga mai tambaya kan sunan Kai Havertz

Ƙanena, ka ce kuna gidan kallon ƙwallo a Unguwar Rimi gardama ta kaure, wasu na cewa sunan Kai Havertz daga Hausa aka ɗauko shi, kana so a raba muku. To ba daga Hausa ba ne. Yaron Bajamushe ne, haifaffen Aachen a 1999, kuma Kai tsohon sunan maza ne a arewacin Jamus. A yarensu ma akwai wani "kai" ɗin daban, wato dandamalin bakin ruwa inda jirgi ke tsayawa a sauke kaya. Amma bari in ba ka labarin yadda kalmar nan ta kusa cinye min yatsu.

Lokacin da masaƙun Kakuri ke da rai, na yi shekaru ina aiki a ɗaya daga cikinsu. Akwai wani injiniya ɗan kudancin Indiya, mutum mai sanyin hali, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Wata rana a aikin dare ina gyara zaren da ya sarƙe, injin na juyawa, sai na ji ya kwatsa min tsawa: "Kai! Kai! Kai!" Raina ya ɓaci. Na ce yau kuma baƙon nan ya koyi Hausa, da ni zai fara gwada ta? Na juyo in harare shi, sai ya fizge hannuna ya yi baya da ni. Ashe bakin rigata ya kusa shiga abin naɗi. Da hankali ya kwanta yake gaya min cewa a yarensu na Tamil "kai" hannu ne. Tsoro ne ya sa harshen uwa ya suɓuce masa. Har ya bar ƙasar nan, in mun haɗu sai ya ɗaga hannu ya ce "kai", ni kuma in dafa nawa kan.

Tun daga ranar nake tsintar kalmar duk inda na gan ta. Wani fasto da muka yi maƙwabtaka a Barnawa ya nuna min ta a littafinsu na Girkanci, can ma'anarta "da" ko "kuma", kusan kowane layi sai ka ci karo da ita. Mutanen Hawayi teku suke nufi da ita. Ga Mawori na Niyuzilan abinci ne, wanda ni a ganina su suka fi kowa dacewa. A Japananci tana iya zama taro, tana iya zama ƙumbar ruwa.

Ba sai ma an ƙetare teku ba. Saurari wannan: "Kai, kai ka kai kanka?" Huɗu ke nan a numfashi ɗaya, ga na mamaki, ga na wanda ake wa magana, ga na isarwa, ga na bisa wuya. Karin sauti da muhallin magana ne ke raba su, shi ya sa ɗan koyo ke shan wahala, mu kuwa ko a jikinmu. Harsunan duniya sun kai wajen 7,000, baki kuwa iri ɗaya ne, sautukan da yake iya fitarwa ƙidayayyu ne. Gaɓa guda mai sauƙi irin wannan dole a yi ta karo a kanta ba tare da kowa ya ari ta wani ba.

Aro na gaskiya yana da sawu. "Kai!" ɗin da za ka ji a bakin ɗan Legas ko ɗan Fatakwal cikin burokinsu, wannan namu ne, cuɗanya ta kai musu shi. In kuma dangantakar jini kake nema, duba Larabcin da ka karanta a Islamiyya. Muna cewa gidanka, gidanki, gidanku; su kuma baituka, baituki, baitukum. Ka ga ba kalma ɗaya ce ta yi kama ba, jeri ne guda ya tafi tare, namiji da mace da jam'i. Masana harshe sun sa Hausa da Larabci a babban gida ɗaya saboda irin wannan, kuma Jamusanci ba ya cikin gidan.

Sai ka koma ka gaya wa abokan gardamar taka. In akwai 'yan Chelsea a cikinsu, su riƙe ƙwallon da ya ci musu Manchester City a wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai ta 2021, ta ishe su, ba sai sun haɗa masa da asalin Zazzau ba.