Waƙar garin da na baro da garin da ban taɓa gani ba, in sauya kari ne?

Tambaya: Malam ina rubuta waƙa, rabinta kan garin da na taso ne rabinta kuma kan wuraren da labarinsu kawai nake ji, shin in sauya kari da amsa-amo in na zo kashi na biyu? Kuma an ce maimaici ya min yawa.

Amsa: Gaskiya ni dai ba zan ba ka shawarar sauya kari ba, don karin shi ne ke riƙe waƙar ta zama abu guda, in ka canza shi a tsakiya kunnen mai sauraro zai ɗauka wata waƙar ka shiga daban. Karuruwan waƙar Larabci da masanin harshe Khalil bin Ahmad ya tsara a Basra guda 15 ne, daga baya aka ƙara Mutadarak suka zama 16, kuma wanda zai fi maka sauƙi a irin wannan jigo na bege shi ne Mutaƙarib, wato gajeriyar gaɓa ɗaya sai dogaye biyu. Ka rera wannan a bakinka ka ji: “Ina tuna hanya da ƙofar gida”. I-na-tu, na-han-ya, da-ƙo-far, gi-da. Ƙafar farko, wato rukunin gaɓoɓin farko (I-na-tu), ta ɗan gajarta a ƙarshe amma wannan halas ne a aruli, wato ilimin awon waƙa, ba karaya ba ce.

Babban amsa-amo ma, wato na ƙarshen kowane baiti, ka bar shi yadda yake har ƙarshe, ƙaramin na cikin baiti shi za ka yi ta juyawa in ƙwar huɗu ko ƙwar biyar kake yi, wato baiti mai layi huɗu ko biyar.

To ina bambancin zai fito kenan? A maimaicin nan da ake kushe maka. A kashin farko ka riƙa buɗe baiti da “ina tuna”, ka kawo ƙananan abubuwa da sai wanda ya zauna a wurin ya sani, tsagewar bango, ƙarar ƙyaure da asuba, a na biyun kuma sai ka koma “an ce” ko “wai”, nan take mai ji zai gane idonka bai gani ba. Mawaƙan Larabawa na jahiliyya ma haka suke tsayawa kan kufai su yi ta jero sunayen wurare, jerowar ce ke ɗauke da kewar.

Maimaicin da yake aibi shi ne ka rufe baitoci na kusa da juna da kalma ɗaya mai ma'ana ɗaya, kamar gida, gida, wannan kam ka nemo wata kalmar.