Murya: Amsar tambaya kan haɗa Kobo da baz ɗin ƙungiya

Salamu alaikum ƴan gurup. Ƙanena, na saurari muryarka. Ka ce ko KoboToolbox, manhajar tattara bayanan anketi da waya, zai iya magana da baz ɗin ƙungiyarku, wato rumbun bayananku na kwamfuta, kamar yadda Google Forms ke zuba amsoshi cikin Sheets. Ni abin da na ji kana tambaya shi ne: ya za a yi yaranku da ke anketi su daina rubuta sunan mutum ɗaya sau uku, kai kuma ka huta da kwafe-kwafe da dare. To, zai yiwu, amma aiki biyu ne, kar ka cuɗa su.

Na farko, bayani ya fito daga baz ya shiga fom. Ka fitar da lis ɗin mutanenku a fayil na CSV, wato tebur cikin rubutu zalla da Excel ke iya fitarwa, ka ɗora shi wurin media na aikin a Kobo, ka sa pulldata, umurnin da ke jawo bayani daga fayil ɗin, cikin XLSForm, wato fayil ɗin Excel da ake tsara fom da shi. Yaro ya buga lambar gida, suna da ƙauye su fito da kansu. Kuma tunda fayil ɗin yana sauka cikin KoboCollect, manhajar Kobo ta kan waya, ko a bayan Tanut ne inda rezo sai an hau tudu, zai yi. Sai dai in ka sake lis ɗin, dole kowace waya ta samu intanet ta sabunta fom, in ba haka ba tsohon lis take ɗauke da shi.

Na biyu, amsoshi su tafi baz. Akwai wani sashe cikin Kobo mai suna REST Services, ka ba shi adireshin sarbarku, duk fom da ya iso ya tura mata a JSON, wani tsarin rubutu da kwamfuta ke karantawa. A'a, tsaya in faɗa daidai, sabon fom yake turawa. In sufabaiza ya gyara amsa daga baya, gyaran ba ya bi. Saboda haka ni na fi son a ja ta API, ƙofar da wata manhaja ke bi ta ɗauki bayani, da token, wato mabuɗin sirri na asusunka, Excel ko Power BI, manhajar nazarin bayanai, su ɗauko, ka sabunta sanda ka ga dama. In DHIS2, baz ɗin bayanan kiwon lafiya, kuke son kaiwa, wannan sai an sa wani abu a tsakani ya daidaita filaye, ba na yau ba ne, mu bar shi.

Amma wallahi duk wannan ba nan ake faɗuwa ba. Lamba ce! Na taɓa yi wa wata ƙungiya aiki wajen Mirya da Magarya, ba zan kama suna ba. Na ce a ba kowane gida lamba tun kafin a fita, shugaban ya ce suna ya isa. Suna ya isa? Ƙauye ɗaya Mahamadu nawa ne? Wani ya rubuta Moussa, wani Musa, wani Elh, wani Alhaji. Garin ma wani Mirriah, wani Mirya. Kwamfuta ba ta san ɗan wane ba ne. Da aka zo haɗawa da tsohon lis, aka zauna ana tantancewa da hannu, ana kiran masu gari ta waya, ƙarshe kuma aka ce injin ne bai da kyau. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, don ko na gode ba a ce mini ba.

Kuma ko ka ba da lambar, kula da Excel. Lamba 0045 zai cinye sifilin ya bar 45, pulldata ya nema ya rasa, fom ya fito fayau. Mai da layin lambobin ya zama rubutu, ba lissafi ba. Sannan Excel ɗinmu na Faransanci yana raba CSV da puwan-birgil (;) maimakon birgil (,), buɗe fayil ɗin da Bloc-notes ka duba da idonka. Ajiye shi a UTF-8, kar ƙ da ɗ su koma shara.

Token kuma, don Allah kar in gan shi cikin gurup. Mai shi ya mallaki asusunka ne gaba ɗaya, da sunayen mutane da lambobin wayarsu, kuma ka san akwai HAPDP, hukumar kare bayanan mutane, a Yamai kan wannan.

Turo mini kan layukan fayil ɗin kawai, ban da sunaye, in duba bayan la'asar in an kawo wuta.