Firem Daga Katakon Ƙyauren Gidan Kaka

Tambaya: Mun rushe tsohon zauren gidanmu, na ajiye ƙyaurensa na maɗaci. Ina da hoton kakana sanye da kayan soja, wanda aka ɗauka bayan dawowarsa daga yaƙin Burma, kuma ina so in yi masa firem da hannuna daga wannan katako. Ta ina zan fara?

Amsa: Malam, ka yi dace da katakon, domin maɗaci yana karɓar zarto da gam ba tare da gardama ba. Da azarar giginya ce ka ajiye da na ba ka shawarar ka haƙura, saboda tsagewa take yi a bakin yanka. Ka fara da zare tsofaffin ƙusoshi, sannan ka duba ko akwai ƙananan ramuka masu zubar da gari, alamar ƙwaro na ciki. Kada ka kankare fuskar katakon har ta koma sabuwa, domin gurbin ƙusa da duhun da hannayen mutanen gida suka bari su ne dalilin yin aikin tun farko. Bayan katakon da gefensa kawai za ka daidaita.

Za ka fitar da sanda huɗu daga katakon, ka yanka bakin kowane a kan digiri 45, kuma dole ne kowane biyu masu fuskantar juna su zo daidai a tsawo, in ba haka ba kusurwa za ta buɗe baki. Gam kaɗai ba ya riƙe irin wannan haɗi da kyau, don haka ka tsaga kowace kusurwa ka cusa siririn katako a ciki. A kwarmin bayan firem ɗin, inda gilashi da hoto za su zauna, ka bar sararin milimita 2 zuwa 3, saboda katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu.

Hoton ya fi katakon buƙatar kulawa. Sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 sun yi yaƙi a Burma tsakanin 1943 da 1945, ke nan hoton nan ya kai kimanin shekara 80, kuma ba shi da na biyu. Kada ya taɓa gilashi, domin raɓa tana manne su. Ka sa kwali marar sinadarin asid a tsakaninsu. Kada ka shafa masa gam, kada kuma ka bari a liƙe shi cikin leda. A ganina ma gara ka fitar da kwafinsa ka rataye, ka adana na asalin inda rana ba ta kaiwa. A allon baya ka rubuta sunan kakan, rundunarsa in ka sani, da gidan da ƙyauren ya fito, da fensir, domin tawadar biro tana iya ratsa takarda.