Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Abin da Zaman Sararin Samaniya ke Yi wa Jiki

Tun ranar 18 ga Maris, 2025, da aka nuna dawowar 'yan sama jannatin nan biyu na Amurka, Butch Wilmore da Suni Williams, tambayoyi suke ta shigowa a kan lafiyarsu. Sun tashi a watan Yunin 2024 zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa da niyyar yin kwana takwas ko makamancin haka, amma matsalar da kumbon Starliner da ya kai su ya samu ta sa suka shafe kwana 286. Na zaɓi shida daga cikin tambayoyin, kuma ta ƙarshe ita ce ta fi taɓa mini zuciya.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Gusau: Assalamu alaikum, Likita. Na ga an fito da mutanen nan daga kumbo an ɗora su a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Shin wata cuta suka kwaso a can, ko kuwa yunwa ce ta galabaitar da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba cuta ba ce, ba kuma yunwa ba. Ƙa'ida ce a tallafi duk wanda ya daɗe a can, domin jikinsa ya riga ya saba da zama ba tare da ɗaukar nauyin kansa ba. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana nesa da mu da kimanin kilomita 400, tana kuma kewaya duniya sau ɗaya cikin kusan minti 90. Ƙarfin da ƙasa ke jawo komai da shi bai ƙare a can ba, sai dai tashar da mutanen cikinta suna faɗowa ne tare a kewayen duniya ba tsayawa, shi ya sa babu abin da ke danna ƙafa a kan daɓe.

Wurin da ke fara rikicewa shi ne can cikin kunne, inda akwai wasu 'yan mitsi-mitsin tsakuwoyi da ke sanar da ƙwaƙwalwa ina ne sama, ina ne ƙasa. Idan nauyi ya ɗauke, saƙon kunne ya saɓa da abin da ido ke gani, sai jiri da tashin zuciya su biyo baya. Gherman Titov na Tarayyar Sobiyet ne ya fara fama da wannan a watan Agustan 1961, kuma har yau fiye da rabin masu zuwa suna yin kwana biyu ko uku a haka. Daga nan ƙwaƙwalwa ta daina sauraron kunnen, ranar dawowa kuma sai ta sake koyo daga farko. Ga shi ruwan jini ya ragu, don haka da mutum ya miƙe tsaye jinin zai gangara ƙafafu, idanu su yi duhu, har ya iya sumewa. Saboda haka ne ake ba su ruwa da gishiri su sha kafin su sauko.

Abin da ya fi damuna a matsayina na likita shi ne ƙashi. Mutane suna ɗaukar ƙashi kamar sandar da aka kafa aka gama, alhali abu ne mai rai, kullum ana rushe wani sashe ana gina wani, kuma nauyin da ake ɗora masa ne ke sa ginin ya ci gaba. A sararin samaniya ƙashin ƙugu da na gadon baya suna rasa kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari na ƙarfinsu a kowane wata, asarar da tsoho a nan ƙasa zai ɗauki kusan shekara kafin ya yi. Sinadarin kalsiyam da ke zagwanyewa yana bi ta fitsari, yana ƙara haɗarin tsakuwar ƙoda. Don rage ɓarnar 'yan sama jannati suna motsa jiki kimanin awa biyu kullum: su ɗaura ɗamara a kafaɗa da ƙugu, igiyoyin roba su jawo su ƙasa, sannan su yi gudu a kan na'ura. Wani likita ɗan Rasha, Valeri Polyakov, ya yi kwana 437 a tsohuwar tashar sararin samaniya ta Rasha mai suna Mir tsakanin 1994 da 1995, ya kuma taka da ƙafarsa daga kumbo zuwa kujerar da ke kusa. Jiri yakan wuce cikin kwanaki, tsoka ta dawo cikin makonni ko watanni, amma ƙashi yana da nawa. Binciken da Jami'ar Calgary ta Kanada ta fitar a 2022 a kan mutum 17 ya nuna cewa bayan shekara guda da dawowa, fiye da rabinsu ƙashin ƙwaurinsu bai koma yadda yake ba.

Tambaya daga wata ɗaliba mai karatun aikin jinya a Maraɗi: Likita, an koya mana cewa kumburin fuska yana iya zama alamar ciwon ƙoda. Na lura fuskokin waɗanda ke tashar a kumbure suke. Ƙodarsu ce ta taɓu?

Amsa: Kin yi kyakkyawan lura, 'yata, kuma ki riƙe abin da aka koya miki, domin ga majinyacin da ke gabanki gaskiya ne. Nasu kumburin dalilinsa daban. A nan ƙasa nauyi yana tara ruwan jiki a ƙafafu. Da ya ɗauke, kusan lita biyu na ruwa suna haurawa ƙirji da kai. Fuska ta cika, ƙafafu su sirance, hanci ya toshe kamar mai mura, abinci ya zama salam a baki, shi ya sa da yawansu ke neman yaji. Hawaye ma ba ya gangarowa, taruwa yake yi ya manne a kan ido. Gadon baya kuwa yana miƙewa, har mutum ya ƙara tsawon santimita uku zuwa biyar, tsawon da ke zuwa da ciwon baya, ya kuma tafi bayan an dawo.

Inda nake so ki mai da hankali shi ne ido. A cikin waɗanda suka yi watanni a can, fiye da rabi ana samun canji a idanunsu: bakin jijiyar gani ya kumbura, bayan ƙwayar ido ya ɗan baje, mutum ya kasa karanta rubutu na kusa. Wasu suna warwarewa, wasu kuwa canjin yana daɗewa shekaru. Jini ma bai tsira ba. Wani bincike da aka yi a Ottawa a kan mutum 14, aka buga a 2022, ya gano jikinsu yana lalata jajayen ƙwayoyin jini kimanin miliyan uku a kowace daƙiƙa, maimakon miliyan biyu da aka saba a ƙasa.

Tambaya daga wani mai kiwon kaji da noman rani a Haɗeja: Ranka ya daɗe, idan mutum mai hankali yana shan wannan wahala, ina ga dabba da shuka? Za a iya kiwo ko noma a can?

Amsa: Alhaji, dabbobi sun riga mutane zuwa. A ranar 3 ga Nuwamba, 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba wata karya mai suna Laika, wadda zafi ya kashe cikin 'yan awoyi, kuma abin tausayi ne cewa tun farko ba a yi tanadin dawo da ita ba. A watan Agustan 1960 wasu karnuka biyu, Belka da Strelka, suka je suka dawo da rai, Strelka ma ta haifi 'ya'ya shida lafiyayyu daga baya. Wannan ne ya share wa Yuri Gagarin hanya a watan Afrilun 1961.

Abin da ya fi kusa da sana'arka ya faru a tashar Mir a 1990, inda aka ƙyanƙyashe ƙwan salwa. Ƙwan ya fashe, 'yan tsakin suka fito da rai, amma suka dinga wulwulawa a iska, ba su iya kafa ƙafa balle su kai baki ga abinci. Ka san yadda ɗan tsako ke fara tsattsaga tun ranar farko. Wannan duka yana buƙatar ƙasa a ƙarƙashinsa. Kifi ya fi su sa'a: a 1994 wasu ƙananan kifayen Japan sun yi barbara a cikin kumbon Columbia, ƙwansu kuma ya ƙyanƙyashe. Gizo-gizo biyu da aka kai tashar Skylab ta Amurka a 1973 sun fara da saƙa a hargitse, daga baya suka gyara. Ƙwayoyin cuta kuwa suna ba mu tsoro, domin a gwajin da aka yi a 2006, ƙwayar salmonela, wadda ka sani a gidan kaji, ta ƙara tsanani bayan an raine ta a can.

Shuka tana yi, amma matsalarta ban-ruwa ce. Ruwa ba ya tsanewa ƙasa, sai ya dunƙule a jikin saiwa ya hana ta iska. Duk da haka a watan Agustan 2015 'yan tashar sun ci latas ɗin da suka shuka, a 2021 kuma suka girbe barkono. Irin auduga da kumbon China ya kai duniyar wata ya tsiro a Janairun 2019, sanyin dare ya kashe shi. Noman ganye ya fara samuwa. Kiwon tsuntsu da sauran aiki.

Tambaya daga wani magidanci a Kumasi: Likita, an ce rana tana fito musu sau goma sha shida a yini. Yaya barci, yaya kuma azumi?

Amsa: Haka ne, Malam. Suna bin agogon GMT, wato daidai da lokacinku na Ghana, su rufe tagogi, su shiga jakar barci da aka ɗaure a bango. Duk da haka barcinsu bai cika wuce awa shida ba, da yawa kuma sai da magani. Musulmi sun je: Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya a 1985, da likitan ƙashi Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya, wanda ya tashi a ƙarshen Ramadan na 2007 bayan hukumar addinin ƙasarsa ta fitar da littafin jagora, da Sultan Al Neyadi na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda azumin 2023 ya riska a tashar. Hukuncin na malamai ne. Abin da zan faɗa ta fuskar lafiya shi ne, mutumin da ruwan jininsa ya ragu, kalsiyam kuma yake taruwa a fitsarinsa, ƙishirwa mai tsawo tana da haɗari ga ƙodarsa.

Tambaya daga wani matashi a Kaduna: Na ji an ce wani ɗan tagwaye ya dawo jininsa ya canza, har ya daina zama ɗaya da ɗan'uwansa. Gaskiya ne?

Amsa: An yi wa labarin ƙari, ɗana. Scott Kelly ya yi kwana 340 a tashar daga Maris 2015 zuwa Maris 2016, ɗan'uwan tagwaicinsa Mark yana ƙasa, aka gwada su tare, aka fitar da sakamakon a 2019. Ƙwayoyin gadonsa ba su sauya ba. Abin da ya sauya shi ne waɗanne ke aiki, waɗanne suka yi shiru, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari sun koma daidai cikin wata shida. Haɗarin gaskiya yana ga haskoki masu ratsa jiki da ke fitowa daga rana da taurari masu nisa, waɗanda iskar duniya da maganaɗisunta ke kare mu daga gare su. Ana auna su da ma'aunin milisibat. Mutum a ƙasa yana samun kimanin 2.4 a shekara, hoton ƙirji ɗaya bai wuce 0.1 ba, amma wata shida a tashar yana kai 80 ko fiye. Wannan yana ƙara yiwuwar ciwon daji da yanar ido. Hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ƙayyade 600 ga tsawon aikin mutum, alhali ma'aunin da aka ɗauka a hanyar duniyar Mars ya nuna zuwa da dawowa kaɗai sun kai kimanin 660.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Katsina: Likita, mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, wata biyu ke nan tana kwance. Da na ji bayanin mutanen nan sai na ga kamar halin da take ciki ne. 'Yan'uwa suna cewa a bar ta ta huta. Me zan yi?

Amsa: Allah Ya ba Mama lafiya, Ya saka miki da alheri, Hajiya. Abin da kika hango daidai ne, har ma masu bincike idan suna son kwaikwayon zaman sararin samaniya, lafiyayyun mutane suke kwantarwa a gado na tsawon kwana 60, kai ya ɗan yi ƙasa da ƙafafu. A 1966 an kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 na mako uku a birnin Dallas na Amurka. Da aka sake gwada su bayan shekara 30, sai aka tarar mako ukun nan ya fi shekaru talatin raunana ƙarfin zuciyarsu. Ni kaina na sha cire wa yaro filasta bayan mako shida, in ga ƙafar ta sirance, fatar ta yi laushi tana saɓa, uwar ta riƙe baki tana tambaya ko ƙafar ta mutu ne, alhali rashin taka ta ne kawai.

Ki gaya wa 'yan'uwa cikin ladabi cewa kwanciyar da ba motsi tana cin Mama ne. Ki nemi likitan da ke duba ta ya haɗa ku da masu gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, su nuna miki da hannunsu. Kafin nan, a riƙa juya ta duk bayan awa biyu, ana duba ƙugu da diddige da bayan kafaɗa don gudun gyambon kwanciya. A lanƙwasa mata kowace gaɓa a miƙe a hankali, safe da rana da dare, har da ɓarin da ya shanye, ba tare da fizgar kafaɗar ba. A zaunar da ita lokacin cin abinci, idan kuma tana ƙwarewa a sanar da likita. Ranar da za a fara tsayar da ita, ta fara zama a bakin gado ƙafafu a ƙasa na 'yan mintoci, mutum biyu suna riƙe da ita. Idan kika ga sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi mata wuya farat ɗaya, kada a murza ƙafar, kada kuma a jira gari ya waye. A kai ta asibiti a lokacin.