Fim ɗin silaid na 120 ya yi tsada: ina mafita ga mai ɗaukar hoto a Saudiyya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda, kuma na gāji kyamarar Mamiya RB67 daga kawuna. Burina in ɗauki tsofaffin gidajen Al-Balad, tsohuwar unguwar Jidda, da duwatsun yankin Al-Ula da fim ɗin silaid, amma duk inda na duba sai a ce ya ƙare, ko kuɗin ya fi ƙarfina. Ina zan samu mai sauƙi, ko me zai maye gurbinsa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa ka more wannan kyamara, domin kawu ya bar maka abin kirki.

Gara in faɗa maka gaskiya tun farko: sabon fim ɗin silaid (wanda hoto ke fitowa a jikinsa da launinsa na ainihi) na 120, wato babban naɗin da kyamararka ke amfani da shi, mai araha babu shi yanzu, ko a Jidda ko a Tokyo. Masu yin sa da gaske kamfani biyu ne. Kodak na da Ektachrome E100, wanda ya dawo kasuwa a 2018 a ƙaramin fim na 35mm, na 120 ya biyo baya a ƙarshen 2019. Fujifilm na da Provia 100F da Velvia, amma ɗan kaɗan suke fitarwa, da ya sauka a shago ake wawashe shi. Astia da Provia 400X an daina yin su tuntuni, Kodachrome kuwa tun 2009. Idan masu nema sun fi kaya yawa, ka san yadda farashi yake yi.

Kafin ka sayi ko naɗi ɗaya, nemo inda za a wanke maka. Wankin silaid shi ne E-6, alhali yawancin wuraren wankin fim da suka rage C-41 suke yi, na nagatif mai kala, wato fim ɗin da launukansa ke fitowa a juye. Ka tambaye su ƙarara. Idan aka jefa silaid ɗinka cikin C-41, nagatif zai fito mai rikitattun launuka, ba abin da ka biya kuɗi dominsa ba. Za ka iya wankewa a gida da haɗin sinadaran E-6 irin na Bellini ko CineStill, sai dai yana son zafi ya tsaya cak a digiri 38, musamman a wankin farko. A bazarar Jidda ruwan tanki kan zo da zafinsa, wani lokacin ƙanƙara za ka nema, ba hita ba. Sinadarin kuma ba ya daɗewa bayan an haɗa shi, don haka ka tara naɗi da dama ka wanke su tare.

Lissafin kuɗi kuma a kan hoto ɗaya ake yin sa. Kyamararka 6x7 ce (girman hoto a santimita), hoto 10 take fitarwa a naɗi. Haɗa kuɗin fim da na dako da harajin VAT na kashi 15 da na wanki, ka raba goma, ka ga riyal nawa ke tashi duk danna maɓalli. Saye a kwalin naɗi biyar ya fi sauƙi, haka ma ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi oda ɗaya ku raba kuɗin dako. Akwai kuma mazubin fim na 6x4.5 da ake sa wa RB67 ta baya, mai ba da hoto 15 ko 16 a naɗi guda. Idan wani ne zai riƙo maka daga waje, ya nemi a duba fim ɗin da hannu a filin jirgi, domin sababbin na'urorin CT na binciken kaya na lalata shi a wucewa ɗaya. Da ya iso, sai firiza, a cikin ledarsa. Ranar aiki ka fitar da shi ya huce awanni kafin ka yage ledar, kuma kada ya wuni a mota.

Za ka ga masu tallar fim da ya wuce wa'adi a farashi mai daɗi. A nan araha ba ta ado. Nagatif da ya tsufa ana iya gyara launinsa wajen sikanin, silaid kuwa abin da ya fito shi ke nan: farin bango ya koma ruwan hoda, baƙi ya yi fari-fari. Idan mai shi bai tabbatar maka a firiza ya ajiye ba, ka ƙyale. Ko ya tabbatar, naɗi ɗaya za ka fara gwadawa.

Yanzu ka tambayi kanka, hotunan nan ina za su ƙare? Idan a waya da kwamfuta ne, ko bugawa a takarda, ni Kodak Ektar 100 zan ba ka shawara. Nagatif ne, ana wanke shi da C-41, launinsa cikakke ne, ƙwayoyinsa ƙanana sosai, kuma jan dutsen Al-Ula na karɓarsa. Kodak Gold 200, shi ma nagatif, ya fito a 120 a 2022, ya fi sauƙin kuɗi. Don fuskokin mutane, nagatif ɗin Kodak Portra. Bayan kuɗi ma akwai wani dalili. Silaid ba ya yafe kuskuren awon haske. Rabin matakin awon haske kawai ka wuce, haske ya wanke hoton. A lungun Al-Balad da azahar, bango ɗaya na ƙyalli, katakon sassaƙaƙƙun tagogin nan da ake kira rawashin na cikin inuwa mai duhu, silaid ba zai riƙe duka biyun ba. Nagatif zai riƙe.

Amma idan abin da ke ranka shi ne ka ɗora hoton 6x7 a kan teburin haske, ka kafa gilashin ƙara girma ka ga kowane sassaƙa na katako da launinsa na ainihi, to babu abin da zai maye maka gurbinsa, kuma ba zan hana ka ba. Ka koyi kyamarar da Gold ko Ektar tukuna, ka samu ma'aunin haske na hannu tunda RB67 ba ta da nata. Sannan ka ware kwalin E100 ɗaya don tafiyar Al-Ula a lokacin sanyi, ka ɗora kyamara a kan ƙafa uku, ka yi aiki da sassafe ko bayan la'asar, kana auna haske daga wurin da ya fi haske a hoton.