Amsa ga Yayana a Kano kan Abin da Muke Karantawa a Turai

Yaya, ka tambaye ni ko mu da muka zauna a Jamus har muka yi aure muka haihu muna da sauran abin da ya haɗa mu da Hausa ban da suna, ka kuma ƙara da cewa yaron da uwarsa Bajamushiya ce, nonon da ya sha shi zai bi. Maganar ta tsaya mini a rai, domin an yanke mana hukunci ba a ga zaman da muke yi ba. Bari in ba ka labarin wata al'ada ta gidana.

Duk dogon hutun makaranta mukan shiga jirgin ƙasa daga Hambug, ni da maiɗakina da yaran biyu, kuma duk garin da muka sauka sai mun nemi littafi kafin mu nemi wurin kallo. A garuruwan Jamus da yawa akwai akwatunan littattafai a bakin titi, inda mutum zai ɗauki wanda yake so kyauta ya ajiye wanda ya gama. A Faris kuwa masu sayar da tsofaffin littattafai sun jera korayen akwatunansu a gaɓar kogin Sen, kuma a kantin Présence Africaine na sami rubuce-rubuce kan Nijar da Faransanci. Littafin Hausa dai ba kasafai ake ganinsa a kanti ba. Yana ɗakunan karatu na makarantun da suka daɗe da nazarin harshenmu, irin su SOAS a Landan da INALCO a Faris da jami'ar Waso a Folan, da ta Hambug ɗin da muke zaune.

A irin wannan wuri na fara riƙe littafin Magana Hausa, wanda wani Bajamushe ɗan mishan, J. F. Schön, ya buga a 1885, kuma a cikinsa akwai labarin Dorugu. Yaro ne daga ƙasar Damagaram, wanda matafiyi Heinrich Barth, haifaffen Hambug da ya shiga Kano a 1851, ya taho da shi Turai tare da wani saurayi mai suna Abbega a 1855. Dorugu ya ga Landan, ya ga Hambug, ya ba da labarin abin da idonsa ya gani da Hausarsa, daga baya ya koma gida, ya rasu a Kano a 1912. Na ɗauki hoton shafukan, muka karanta su a jirgi muna komawa. Rubutun na da ne, ba a bambanta ƙ da k yadda muke yi yanzu, amma 'yata ta bi shi sannu a hankali da yatsa, ta ɗago kai ta ce, "Baba, ashe wani Bahaushe ya riga mu zuwa garin nan." Na ga a fuskarta cewa ta daina jin kanta baƙuwa a harshen ubanta.

Game da uwarsu, wadda kake ganin ita za ta raba su da mu, ita ce ta kafa dokar cewa ba a yin Jamusanci a kan abincin dare, kuma ta koyi Hausa har tana gaisawa da Hajiya ta waya ba tare da na tsaya mata tafinta ba. Ba zan ɓoye maka ba, namijin nakan yi masa magana da Hausa ya mayar mini da Jamusanci, kuma har yanzu ɗ da ɓ suna ba shi wahala. Abin yana damuna ƙwarai. Amma na zo gida bara na ji yaran unguwarmu suna cusa Turanci a kowace jimla, ban kuwa ji wanda ya ce sun fita daga Hausawa ba.

Ka tuna yadda marigayi Baba yake riƙe hannunmu zuwa kasuwar Kurmi, ya tsaya wurin masu sayar da littattafai yana duba warwararrun takardun nan na ajami ɗaya bayan ɗaya kafin ya sa su a gafaka? Daga nan na ɗauko wannan ɗabi'a, ita nake so ta zauna a jinin jikokinsa.

Ƙorafina a kanku yake. Ya fi mini sauƙi in ga littafin da aka buga shekara 140 da suka wuce da in sami sabon labarin da aka rubuta a Kano bana. Sau uku ina roƙon a aiko mana da littattafan Hausa na yara da na hikaya, amma duk mai zuwa sai ya iso da kilishi da yaji da daddawa, waɗanda muke godiya da su, babu ko takarda ɗaya a jakar. Wani maƙwabcinmu zai zo Kano ganin gida a watan gobe, kuma na ba shi lambarka da kuɗin littattafan. Ina roƙonka ka zaɓo masu manyan baƙaƙe da hotuna saboda namijin.