Tambaya da Amsa: Jitata tana ɓata sauti a tsakiyar wuya

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan koyon kafinta ne a Aboabo, Kumasi. Na sassaƙa jitar lantarki da katakon sapele da na sayo a kasuwar katako ta Sokoban. In na kaɗa tsirkiya a sake sauti daidai yake, amma da na danna a tsakiyar wuya sai ya kauce. Ga gunji in na jona ta da amfilifaya. Ban yi fenti ba tukuna. Da me zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Gara da ba ka yi fentin ba, don wataƙila sai ka sake huda katakon.

Ɗauko tef. Auna daga ƙashin da tsirkiya ke hawa a kan wuya zuwa ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke jere a wuyan, ka ninka biyu: nan ne mazaunin jaki, wato abin da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar. In awon jitar kamfanin Fender ka bi, inci 25.5 ne, wato milimita 648. Na kamfanin Gibson inci 24.75. Idan jakin ya goce fiye da yadda kusoshinsa za su iya gyarawa, cike ramukan da katako ka sake hudawa. Babu wata dabara.

In yana wurinsa, wuya za ka fara bi. Danne tsirkiya mai kauri a ƙarfen farko da na ƙarshe, ka leƙa tsakiya. Ratar kusan milimita 0.25 ake so tsakanin tsirkiya da ƙarfen tsakiya. Sandar ƙarfen da ke cikin wuya ce ke gyara ratar; ƙarfen nan kuwa kwatan zagaye ake juya shi da makulli, a dakata, a sake dubawa; masu zafin hannu karya shi suke yi. Sai tazarar tsirkiya sama da ƙarfe na 12: kamar milimita 2 ga mai kauri, 1.6 ga siririya. Bayan wannan ne za ka koma kan matsalarka. Danna ƙarfe na 12 ka duba na'urar saiti a wayarka. In sautin ya haura, ja mazaunin tsirkiyar da ke kan jaki baya, nesa da wuya. In ya gaza, turo shi gaba. Ɗaya bayan ɗaya, da sababbin tsirkiyoyi.

Gunjin fa? Taɓa tsirkiya. In bai ragu ba, wayar da ke haɗa jaki da bayan makunnin ƙara ce ba ta nan. In ya ragu, shimfiɗa takardar alminiyom a ramin wayoyi, ka haɗa ta da waccan waya.

Sapele yana da ƙananan ramuka, sai ka cike su ka goge da samfefa mai lamba 320 kafin feshi. Ni ba na feshi ranar da hadari ya haɗu, fentin fari-fari yake yi. Kuma kada ka ba da aron makullin wuyan, don da hunturu ya shigo a Disamba katakon zai motsa, sai ka sake saiti.